KADA A SA WA CIYAWAR FILI WUTA

Jama'ar Zango, ga rani ya kama, hunturu ya busa, ciyawar filin makarantarmu ta bushe ta yi ja. Har mun ji waɗansu suna cewa ta mutu, a sa mata wuta a huta. To, mu dai muna roƙo a dakata.

Ciyawar nan kiri-kiri ce. Ganyenta kaɗai ya bushe, saiwarta tana nan da rai cikin ƙasa. Mai shakka ya kama ta ya ja. In ta yi gardama tana da rai, in ta tuge ba wuya ta mutu.

A nan Tamale, daga watan Nuwamba ba a sa ran ruwan sama na kirki sai Afrilu ko Mayu. Na famfo kuwa tun daga Dalun ake turo shi, kowa ya san wahalar da iyayenmu mata ke sha kafin su samu. Saboda haka ba mu ce a ɗebi na sha a ba ciyawa ba. Ruwan alwala muke nufi, wanda kullum sau biyar yake bin kwata a banza. In an sa bokiti a wurin alwala, yara suka riƙa tarawa cikin ganga, ya isa ya riƙe ran saiwa.

Amma ban ruwan da dabara. A yi shi bayan sallar asuba, tun rana ba ta shanye shi ba. A raba fili kashi bakwai, kowace rana a shayar da kashi ɗaya har ruwa ya ratsa ƙasa sosai. Yayyafi na kullum yana hana saiwa nutsewa. Kada a zuba ruwan wanki mai sabulu, kada a sa takin zamani sai damina ta faɗi, kada a yanke ta ƙasa-ƙasa. Masu awaki su taimaka su ɗaure abinsu.

Dattawanmu ba su manta da farin 1983 ba, shekarar da gobarar daji ta cinye gonaki a ƙasar Gana. Wutar rani ba ta san iyakar fili ba, ga gidaje kewaye. In kuma fili ya zama fako, ƙura ce yaranmu za su shaƙa, ruwan farko kuma ya kwashe ƙasar ya toshe kwata.

Allah ya kai mu damina lafiya, amin.