Murnar Sama da Kewar Dangi a Wurin Masihiyawan Ƙasar Bici

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ratse daga Bici ya nufi ƙauyukan da ke wajen Tsanyawa, Bagwai ko Shanono, zai ga gida na kallon gida, gonar gero na jingine da gonar gyaɗa, babu wani daji a tsakani. A cikin wannan cunkoso akwai gidajen Hausawa Kirista, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa, mafi yawansu jikokin Maguzawa. Ba baƙi ba ne. Kakanninsu ne suka sare waɗannan gonaki. A zuriya ɗaya sai ka tarar wa ya musulunta, ƙane yana zuwa majami'a ranar Lahadi, mahaifinsu kuwa ya rasu yana riƙe da tsafin gidansu. Saboda haka akwai wata tambaya da malaman tauhidin Kirista suka daɗe suna juyawa a littattafai, wadda a nan kan taso a kan tabarmar makoki: in na shiga sama, baba kuma yana wuta, ta yaya zan yi murna?

Tarihin zuwan addinin ne ya haifi tambayar. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a cikin masarautu, sai a shekarun 1930 aka sassauta. Mishan ɗin SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano, ta kafa tashoshi a wurare irin su Roni da Tofa, inda makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta horar da masu bishara 'yan ƙasa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ikilisiyar ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Ke nan Kiristancin wannan yanki bai wuce tsara uku ko huɗu ba, kuma kusan kowa cikin Masihiyawa yana da kaka ko kakan kaka da ya mutu bai taɓa jin wa'azi ba. Marubuciyar tarihi Shobana Shankar, da ta yi nazarin waɗannan al'ummomi, ta sa wa littafinta na 2014 suna da tambayar wa zai shiga Aljanna. Ba ta yi kuskuren zaɓen suna ba.

A wurin makoki ake ganin yadda mutane ke ɗaukar wannan nauyi. In Kirista ya rasu, ana wanke shi, a kai shi kushewa da waƙoƙi daga Littafin Waƙoƙi, fasto ya yi wa'azin tashin matattu. Matan zumunta sukan zo da ankonsu, suna kaɗa tulu, kuka da waƙa a haɗe. Gaisuwar ita ce, "Ya yi barci cikin Ubangiji, za mu sadu." Amma in mamacin kawu ne Musulmi, ko tsohuwar da ba ta bar al'adar gargajiya ba, sai abin ya sake. Masihiyawa sukan je da sassafe, maza su zauna ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, mata su shige ciki da ƙwaryar gero ko itacen girki. In an tashi sallar gawa sai su koma gefe su tsaya da ladabi, in an ɗauki makara su bi, su sa hannu a mayar da ƙasa. Ran sadakar uku da ta bakwai ma ana ganinsu. Abin da za ka ji daga bakinsu shi ne, "Sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari." Mabiya ECWA ba sa yi wa mamaci addu'ar neman gafara, domin a koyarwarsu hukunci ya riga ya rufe da fitar rai. Duk da haka da wuya ka ji dattijon kirki ya buɗe baki ya ce wane ɗan wuta ne. Wannan kame baki al'ada ce mai ƙarfi, kuma ni ina ganin tana cikin mafi kyawun abin da suka gada.

Sai an koma gida tambayar ke fitowa fili. Mace ta samu matar fasto ta ce, "Mama, tun da aka binne Inna ban yi barci ba. Ita ta goya ni, ita ta yi mini aure. Ina take yanzu?" Amsoshin da ake bayarwa ba su da yawa, kuma kowa ya san su. Akan tuna mata da ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ya sami alkawarin Firdausi a sa'arsa ta ƙarshe, a ce babu wanda ya san abin da ya wuce tsakanin mai mutuwa da Mahaliccinsa. Akan kawo roƙon da Ibrahim ya yi wa mutanen Saduma a Farawa sura 18, inda ya dogara ga cewa mai shari'ar duniya ba zai yi zalunci ba. Akan kuma buɗe Wahayi sura 21, inda aka yi alkawarin Allah da kansa zai share hawayen mutanensa. Wasu masu wa'azi sukan ƙara da cewa za a shafe tunanin abubuwan da suka wuce, suna kafa hujja da Ishaya sura 65. Wannan amsar ba ta cika kwantar wa mata da hankali ba, kuma ina tare da su. Wadda aka ce za ta manta uwarta kafin ta ji daɗin sama, an ƙara mata wani rashin ne a kan na farko.

Ba a ƙasar Hausa aka fara wannan damuwa ba. Ana ba da labarin Radbod, sarkin Firisiyawa a arewacin Turai wanda ya mutu a 719, cewa ya sa ƙafa ɗaya cikin ruwan baftisma, da aka gaya masa kakanninsa suna wuta sai ya janye ta, ya zaɓi ya bi su. Toma Akwinas, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, ya koyar da cewa tsarkaka za su ga hukuncin 'yan wuta kuma su yarda da adalcinsa. Wasu kuma, tun daga Orijin na Iskandariya, sun yi begen a ƙarshe kowa zai tsira. ECWA ba ta karɓi wannan ba. Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya taɓa zama babban sakatarenta, ya rubuta littafi a 1975 yana gargaɗi a kan wannan ra'ayi, kuma tasirinsa na nan a makarantun fastoci. 'Yan Katolika, waɗanda su ma suna da mabiya cikin Maguzawan Kano, ƙofarsu ta fi faɗi: suna yi wa matattu addu'a, musamman ran 2 ga Nuwamba, kuma babban taronsu na Batikan ya bayyana a 1964 cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto. Maƙwabcinsu Musulmi ma ya san ɗacin, domin ya karanta ƙissar Annabi Nuhu da ɗansa, da ta Annabi Ibrahim da mahaifinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda Masihiyawa ke kai wannan baƙin ciki. Labarin mai arziki da Li'azaru a Luka sura 16 ana yawan karanta shi, kuma wurin da masu wa'azi ke tsayawa shi ne inda mai arzikin, yana cikin azaba, ya tuna da 'yan'uwansa biyar da ke raye. Manzo Bulus ma ya faɗa a Romawa sura 9 cewa zuciyarsa ba ta rabuwa da ciwo saboda danginsa. Daga nan sai hankali ya koma kan masu rai. A taron addu'a na tsakiyar mako za ka ji tsohuwa ta miƙe ta ambaci ɗanta da ya musulunta ya koma birni, ta ce a sa shi a addu'a. Ba ta yanke shi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ya zo gida da azumi, ita za ta tashi da asuba ta dama masa kunu. Da Kirsimeti ana aika wa gidajen Musulmi shinkafa da naman da Musulmi ya yanka, don kowa ya ci ba tare da shakka ba, da Babbar Sallah kuma naman layya ya biyo hanyar ya dawo.

Yanzu wayar hannu ta kawo wa'azin nesa har cikin ɗaki, na Kirista da na Musulmi, kuma wasu masu wa'azin ba sa jin nauyin jefa jama'a wuta da sunayensu. Matasa na saurare, wani lokaci su kawo zafin cikin gida. Dattawan ikilisiya sukan kira irin wannan yaro gefe bayan sujada, su tambaye shi ko shi ne aka ba littafin rai ya riƙe, sa'an nan su tura shi ya je ya gaida kawunsa.