Gadon Yunanawa Ya Riga Turawa Shigowa Birnin Kano

A Soron Ɗinki da sauran unguwannin cikin birnin Kano, da wuya a sami almajirin zaure wanda bai karanta Ahalari ba, domin da shi ake fara koyon tsarki da salla. Amma ba kowa ya san cewa mai wannan littafi, Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, yana da wani littafin mai suna Sullam ba. Waƙa ce mai baiti fiye da 140 a kan ilmin manɗiƙi, watau ilmin auna hujja, wadda ya tsara a shekarar Hijira ta 941. Asalin wannan ilmi kuwa daga ƙasar Girka yake, wadda malamanmu ke kira Yunan.

Wanda ya fara tsara manɗiƙi shi ne Aristo, wanda aka haifa a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Shi almajirin Aflatun ne, Aflatun kuma almajirin Sukurat, wanda mutanen birnin Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 bisa zargin ɓata tarbiyyar samari. Aristo ne kuma ya karantar da Iskandar, sarkin da ya ci ƙasashe tun daga Girka har bakin Indiya, ya kuma kafa birnin Iskandariyya a Masar.

Aikin manɗiƙi ba mai wuyar fahimta ba ne. Ana jera magana biyu da aka yarda da su, sa'an nan a fitar da ta uku. Misali, duk ɗinki sai da zare. Aska takwas ɗinki ce. Ashe ke nan aska takwas sai da zare. In ɗaya daga cikin biyun farko ta karye, to, ta ukun ma ta rushe. Da wannan ma'auni ne ake gane mai hujja da mai yawan surutu.

Yunanawan dā dai masu bautar gumaka ne. Sun ɗauka allolinsu suna zaune a kan dutsen Olimfus ƙarƙashin babbansu Ziyus, suna aure, suna kishi, suna faɗa kamar mutane. Saboda haka lokacin da aka shiga fassara littattafansu zuwa Larabci a Bagadaza, musamman a zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, sai aka yi tankaɗe da rairaya. Aka bar musu tatsuniyoyin allolinsu, aka ɗauki lissafi da ilmin taurari da likitanci da manɗiƙi. Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan likita Jalinus masu yawa. Daga baya Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa abin da aka fassara. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi a kan al'amuran aƙida, amma duk da haka ya karɓi manɗiƙi a matsayin kayan aiki.

Babban wanda ya haɗa wannan ilmi da tarihin Kano shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wanda ya sauka a birnin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499. An fi saninsa da littafin da ya rubuta wa Rumfa a kan sha'anin mulki, da kuma zuriyarsa ta unguwar Sharifai. To, amma Magili gwani ne a manɗiƙi, har ya yi rubuce-rubuce a kansa. Shi kuwa Shehu Jalaluddin Suyuɗi na Masar yana ganin haramun ne a shagala da wannan ilmi, tun da daga waɗanda ba Musulmi ba ya fito. Malaman biyu suka yi musayar waƙoƙi a kan batun. Hujjar Magili ita ce a duba gaskiyar magana, kada a tsaya ga wanda ya faɗe ta. Wannan muhawara ta faru kimanin shekara 400 kafin sojojin Ingila su ci Kano a 1903.

Bugu da ƙari, akwai sawun Yunanawa a bakin Bahaushe kansa. Kalmar alƙalami ta zo mana daga Larabci, Larabawa kuma sun samo ta daga sunan da Yunanawa ke kiran kara da shi. Haka nan dirhami daga sunan kuɗinsu yake, falsafa kuma ma'anarta son hikima. Ita ma dimokuraɗiyya kalmarsu ce, watau mulkin jama'a, ko da yake a Atina mata da bayi ba su da bakin magana a cikinta.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibin jami'a da ke karanta Aristo da Turanci da almajirin da ke haddar Sullam a zaure, ruwan rijiya ɗaya suke sha, guga ce ta bambanta. Sau da yawa kuwa kowannensu na yi wa ɗan'uwansa kallon baƙo. Ga shi kuma tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu suna nan a gidajen malamai, gara da danshi na cinsu. Ya kamata jami'o'i da hukumomin adana kayan tarihi su haɗa kai da magada, a tattara su, a ɗauki hotonsu tun da sauran dama, domin shafin da gara ta ci ba ya dawowa.