Nazarin Layi: Daga Injin Niƙa Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce a gabatar da wani fanni da masana ke amfani da shi wajen auna ƙwazon na'urori, wato nazarin layi. Tambayar da fannin ke ƙoƙarin amsawa ita ce: wane irin yawan aiki ya kamata a ɗora wa na'ura kafin jira ya gagari masu jira?

Asalin Fannin

Wanda ya aza harsashin wannan fanni shi ne A. K. Erlang, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Kofenhagen. A 1909 ya buga nazarinsa na farko a kan yadda kiran tarho ke shigowa ba bisa tsari ba, a 1917 kuma ya fitar da lissafin yawan layukan da gari ke bukata. Daga baya Leonard Kleinrock na Amurka ya ɗora wannan lissafi a kan saƙonnin da ke kai-kawo tsakanin kwamfutoci. A ɗakin bincikensa da ke Los Angeles aka kafa tashar farko ta ARPANET a 1969, wato tushen intanet, kuma aikin da aka ba ɗakin shi ne auna ƙwazon tsarin.

Misali Daga Gida

Don a fahimci abin sosai, bari mu ƙaddara wani injin niƙa a garin Gwiwa, wanda a matsakaici yake gama niƙa ɗaya cikin minti 6, wato niƙa 10 ke nan a awa. Masu niƙa ba tare suke zuwa ba, kuma wani tiya guda ya kawo, wani rabin buhu. A bisa mafi sauƙin lissafin fannin, idan mutum 5 ke zuwa a awa, matsakaicin jira minti 6 ne. Idan suka kai 8, sai ya zama minti 24. Idan kuwa suka kai 9, jira ya kai minti 54. A lura, daga 8 zuwa 9 mutum ɗaya tak aka ƙara, amma jira ya ninka har da ɗori. Dalili kuwa shi ne, ɗan lokacin da injin ke zaune ba aiki, shi ne ke shanye cunkoson da ya taru. In aka cinye wannan rara, layi ba ya samun sararin raguwa.

Haka abin yake ga kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a a Nijeriya ta koma ta kwamfuta ɗungurungum, saboda haka sa'ar ɗalibin Gwiwa ko Roni ta rataya a kan ko an bar wa babbar na'urar cibiyarsa isasshiyar rara.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa na'urar da ba ta hutawa ba ita ce mafi amfani ba. Ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. Ya rage gare mu, mu ɗaliban Hausa, mu haɗa kai da injiniyoyinsu wajen samar wa wannan ilmi kalmomin da mai injin niƙa zai ji ya gane.