Kwari A Ƙasar Ruwa: Abin Da Maharban Agege Ke Dubawa Kafin Su Saya

Duk wanda ya daɗe a Zangon Agege ya san cewa ba goro da shanu kaɗai ne suka haɗa Arewa da Ikko ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan a 1901, ta kuma kai Kano a 1911, Hausawa suka yi ta sauka a wannan zango, kowa da sana'ar da ya gada. A cikinsu har da maharba, waɗanda suka zo da kwari da baka. Wasu suka kama gadin gidaje da rumfunan kasuwa, wasu kuma suka riƙa kutsawa dazuzzukan da ke kan hanyar Abekuta suna farautar gada da gyazbi.

Yanzu gari ya cinye gonakin Agege, daji ya yi nisa, bindiga kuma ta ture baka gefe. Duk da haka harbi bai mutu ba. Akwai dattawan da ke riƙe da kayan gado, akwai kuma samarin da suka ga gasar harbin baka a talabijin, sha'awa ta kama su. Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu gardama takan tashi a kan abu guda, watau kwari: na kafaɗa irin na kaka da kakanni, ko kuwa na ƙugu irin wanda ake ɗaurawa da ɗamara?

Wanda bai sani ba zai ɗauka maganar ado ce. Alhali kuwa kwari shi ne shamaki tsakanin tsinin kibiya da jikin mai ita.

KOWANE DA AIKINSA

Kwarin Bahaushe na asali dogon bututu ne na gora ko na icce da aka rarake, a lulluɓe shi da fata, a sa masa maratayi da murfi. Siffar kibiyar ce ta jawo haka. Kibiyar Hausa siririya ce, ta kyauro, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, saboda haka kibau da yawa sukan shige cikin bututu ɗaya ba tare da wata ta ɓata wata ba. Da irin waɗannan kibau ne maharban jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804.

Kwarin ƙugu kuwa ya shahara ne a wajen mahaya na Asiya, irin su Turkawa da Mongol, domin mai sukuwa yana bukatar ya zaro kibiya ba tare da ya kai hannu bayansa ba. A wannan zamani shi ne 'yan wasa suke ɗaurawa. Tun da aka mai da harbin baka cikin wasannin Olamfik a Munich a 1972, duniya ta saba ganinsa a ƙugun maharba. A zagayen farko na gasar, kowane ɗan wasa yakan harba kibau 72 daga nisan mita 70, shida shida. Mai irin wannan aiki tsaye yake wuri ɗaya, kuma kibansa masu gashi ne, ba su son matsi.

To, a nan ne zaɓi yake farawa. Mai koyon bara a fili, kwarin ƙugu ya fi masa, don yana ganin kibansa, yana zaro su a sauƙaƙe. Mai riƙe baka da hagu yakan ɗaura kwarin a dama, bahago kuma a hagu. Amma mai shiga daji sai ya lura da karkatar kwarin. Irin na filin wasa kibansa gaba suke fuskanta, kuma cikin kurmin Kudu, inda kurangar daji ta sarƙe ko'ina, ba za a yi taku goma ba sai wani reshe ya fizge su. Wanda ya dace da farauta shi ne mai karkata baya, mai kwanciya jikin cinya, wanda ba ya lilo kuma ba ya ƙara. Gada tana da kunne, ƙarar kibau biyu da suka bugi juna ta isa ta kore ta.

FATA ITA CE MAGANA

Bayan siffa sai fata, kuma a nan ne masu saye da yawa suke faɗawa tarko. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta can fatake suke bi da ita. Idan majemi ya jeme ta da bagaruwa, aka rina ta da karan dafi, ba abin da ya fi ta kyau a ido. Sai dai fatar akuya laushi gare ta. Ta dace da lulluɓi da geza da zane, amma ita kaɗai ba ta tare tsinin ƙarfe.

Jikin kwarin ƙugu, tun da ba gora a cikinsa, dole ne ya zama na ƙirgi, watau jemammiyar fatar sa mai kauri. Ƙirgin da aka jeme da bagaruwa yakan yi tauri ya riƙe siffarsa. Fatar da masana'antu irin na Challawa da Sharaɗa a Kano suke jemewa da sinadari kuwa, an yi ta ne domin takalma da jakunkuna, tana langaɓewa. Kwarin da ya langaɓe yakan matse kibau, ya hana su fita a daidai lokacin da ake bukata.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a kan duwatsun da ke tsakanin Italiya da Austiriya, wanda masana suka ce ya shekara 5,300 da mutuwa. An same shi da kwarin fata mai kibau 14, kuma an ɗinka wa kwarin sanda a gefe guda don kada ya lanƙwashe. Ashe damuwar maharbi ɗaya ce tun fil azal.

Samun ƙirgi nagari a Ikko yana da wuya, ko da yake babbar mayankar Oko-Oba tana nan cikin Agege. Dalili kuwa shi ne yawancin fatun shanun da ake yankawa tukunya suke shiga, su zama ganda, abin da Yarbawa ke kira fonmo. Saboda haka kayan dukanci daga Arewa ake kawo su, musamman daga Kasuwar Kurmi ta Kano. Ganin haka ne wasu 'yan kasuwa suke cusa roba mai kama da fata. Gane ta ba wuya. A juya bayanta, in an ga yadi manne, to, ba fata ba ce. A ɗiga mata ruwa, fatar bagaruwa takan sha ta yi duhu, roba kuwa sai ruwan ya gangare. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

DAMINAR IKKO

Kwarin da ya shekara talatin a Katsina lafiya ƙalau, yana iya lalacewa cikin damina biyu a Agege. Ruwan da ke sauka a Ikko a shekara ya kusan ninka na Kano, kuma ko da rani iskar garin ba ta rabuwa da laima. A Arewa tsagewa ce take kashe fata, a nan kuwa fumfuna ce da ruɓewar zare.

Saboda haka mai saye ya fara duba ɗinki kafin zane. Ɗinkin tsinken fata ko na zare mai kakin zuma ya fi ƙarko, kuma kwarin da aka manne da gam kawai ba abin dogaro ba ne. Daga nan sai gindi. Ya kamata ya zama ninki biyu, ko a sa masa icce mai laushi daga ciki, wanda tsini zai kafu a jikinsa. Wurin da maratayi ya haɗu da jikin kwari shi ma a ja shi da ƙarfi tun a gaban baduku, domin nan ne yake fara tsinkewa.

Bugu da ƙari, ba a barin kibau su kwana cikin jiƙaƙƙen kwari. Ƙarfe da jemammiyar fata in suka haɗu da ruwa, fatar takan yi baƙi, ƙarfen ya yi tsatsa. Ta wannan hanya ce ma dukawa suke samun baƙin rini daga kashin maƙera. In ruwa ya doki kwari, a zazzage shi, a shanya a inuwa, in ya bushe a shafa masa man kaɗanya kaɗan. Rana da wuta ƙandarar da shi suke yi.

Tsawo ma abin lura ne. Kibiyar zamani takan kai inci 28 zuwa 30, ta fi ta gargajiya tsawo, saboda haka mai hankali da kibiyarsa yake zuwa wurin baduku a gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MURFI DA HANYA

Abu mafi nauyi shi ne dafi. Maharban dā sukan shafa wa kibau dafin kwankwani, wanda zuciya yake kamawa, kuma kibiyar tana da kunne, in ta shiga ba ta fita ta daɗi. Wannan ne ya sa kwarin gargajiya yake da murfi. Yawancin kwarin ƙugu na 'yan wasa a buɗe yake, kuma daidai kan yaro yake tsayawa in babba ya ɗaura. A gidajen hayar Agege da Idi-Araba, inda iyali goma suke tarayya a tsakar gida ɗaya, kwari mara murfi haɗari ne ko da kibau ba dafi. Wanda ya gaji tsohon kwari kuwa, kada ya zura hannu cikinsa, kada kuma ya zuba kiban koyo a ciki, don ba shi da tabbacin abin da ya saura a gindin.

Har ila yau akwai maganar hanya. Jama'a ba su manta da abin da ya auku a Uromi ta Jihar Edo ba, cikin watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta, da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Salla, bayan an ga makaman farauta a motarsu. Laifin yana wuyan waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu. Amma darasin ya isa ga kowane maharbi da ke zaune a baƙon wuri: kayan harbi a rufe suke tafiya, a saki tsirkiya, a naɗe baka, a sanar da shugabannin unguwa da hukuma kafin a fita. Haka kuma tun 1985 Nijeriya ta kafa dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa, saboda haka ba kowace dabba ce ta halatta a harba ba.

Idan aka tattara, gardamar dattawa da samari tana da mafita. Baduku mai basira yana iya ɗinka kwarin ƙugu da ƙirgi, ya ƙarfafa gindinsa, ya sa masa murfi irin na gargajiya, sa'an nan ya ƙawata shi da jar fatar Sakkwato in mai shi yana so. Saurayi ya sami sauƙin zarowa, dattijo ya sami kwanciyar rai, baduku kuma ya sami sabuwar kasuwa. Allah Ya kiyaye mai harbi, Ya kiyaye maƙwabcinsa.