Ko Ka San Kwamfuta Ba Ta Goge Abin Da Ka Ce Ta Goge?

Ga wata tambaya ga duk wanda ya taɓa tura fim daga kwamfuta zuwa filash. Fim mai giga biyu yakan ci mintoci kafin ya gama shiga, kana zaune kana kallon koren layin nan yana rarrafe. Amma ranar da ka gaji da shi ka ce a goge, kafin ka ɗauke yatsa an gama. Yaya aka yi rubutawa take cin lokaci haka, gogewa kuwa ba ta cin ko ƙiftawar ido?

Amsar ita ce ba a goge komai ba. Fim ɗin yana nan daram a inda yake, daga farkonsa har ƙarshensa.

Bari in fara sallamar wanda neman gurbin ajiya a kwamfutarsa ya kawo shi, don maganarsa gajeriya ce. Kwamfutoci da yawa da ke hannun ɗalibai da ma'aikata da masu buga takardu a Gure na hannu ne, an sayo su daga Kasuwar Dole ta Damagaram ko daga Kano, kuma sukan zo maƙil da manhajojin da mai su bai san ranar da aka zuba su ba. Idan Windows ɗinka na Faransanci ne, ka shiga Paramètres, ka buɗe Applications, ka jera manhajojin daga mafi girma zuwa ƙarami. Wadda ka tabbata ba ka aiki da ita, ka danna Désinstaller. Wadda ba ka gane aikinta ba, ka ƙyale ta har ka tambayi masani, don wataƙila da ita sauti ko na'urar buga takarda ke aiki. Jefa ɗan tambarin da ke fuskar allo cikin kwandon shara ba ya cire manhaja, tambarin kaɗai ke tafiya. Shi ma kwandon, muddin ba ka zazzage shi ba, gurbin bai dawo ba. Shi ke nan, an gama da wannan.

To mu koma kan abin mamakin. Faifan ajiyar kwamfuta a yanke yake zuwa ƙananan gurabe miliyoyi, kuma akwai wani kundi a gefe da ke riƙe da lissafi: fayil kaza sunansa kaza, yana zaune a gurabe kaza da kaza. Ka ɗauka mai gidan haya ne da littafinsa. Ɗan haya ya tashi, sai ya buɗe littafi ya soke sunansa, ya rubuta cewa ɗaki na bakwai babu kowa. Bai je ya leƙa ɗakin ba, balle ya yi shara. Katifa da tukwane da akwati suna ciki, kuma za su ci gaba da zama har ranar da sabon ɗan haya ya zo da nasa kayan aka yi waje da su. Abin da kwamfuta ke yi ke nan. Da ka cire manhaja mai giga goma, sai ta soke suna a kundi, ta ce maka ka sami giga goma. Ba ƙarya ta yi ba, domin kana iya zuba sabon abu a wurin nan take. Sai dai tsohon yana kwance har sai sabon ya hau kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar sokewar. A tsarin ajiya da ake kira FAT, wanda aka yi ta amfani da shi tun zamanin DOS a farkon shekarun 1980, harafin farko na sunan fayil kaɗai ake taɓawa. Sai a cire shi a maye gurbinsa da wata lamba, E5, sannan a yi wa gurabensa alamar cewa babu kowa. Fayil mai suna HOTO ya koma wani abu mai ƙarewa da OTO, kwamfuta kuwa duk inda ta ga E5 a gaban suna sai ta kau da kai ta wuce. Harafi ɗaya tak! Shi ya sa manhajar dawo da fayil da ta zo cikin DOS na 1991 take da tambaya guda ga wanda ya yi ɓarna: da wane harafi sunan ya fara? Ka ba ta H, ta mayar da shi mazauninsa, hotonka ya dawo. Kuma kada ka ɗauka wannan tarihi ne da ya wuce. Jikan wancan tsari, FAT32, shi ne a kan mafi yawan katunan memori masu giga 32 zuwa ƙasa. Katin da ke cikin wayar mai sayar da kanwa ko dabino a kasuwar Gure da wannan tsohuwar dabara yake aiki har yau.

Akwai ma wanda ya yi arziki da wannan sirri. A 1982 wani Ba'amurke, Peter Norton, ya fara sayar da wasu ƙananan manhajoji, wadda ta fi fice a ciki ita ce UnErase, mai dawo da abin da aka goge bisa kuskure. Kasuwa ta buɗe masa har kamfanin Symantec ya saye kamfaninsa a 1990. Sunansa ne a kan manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta ta Norton, wadda takan zo cikin sababbin kwamfutoci a matsayin ɗanɗano, wa'adinta ya ƙare ta yi ta damun mutum da saƙo. Wato mutumin da ya yi suna wajen dawo da gogagge, yau manhaja mai sunansa tana cikin waɗanda ake fara gogewa idan ana neman gurbi.

Na ga aikin dawo da gogagge da idona a shagon wani matashi mai gyaran waya da tura waƙoƙi a nan Gure. Wani dattijo ya shigo da katin memori a ƙulle cikin leda. Jikansa ya yi wasa da waya, hotunan da ya ɗauko a Makka duk sun tafi.

Yaron ya ce, "Baba Alhaji, tun da abin ya faru an ɗauki wani hoto da wayar? An tura wani abu a ciki?"

Ya ce, "Ko ɗaya, ɗana. Kashe ta na yi don haushi na jefa a aljihu."

Ya ce, "To haushin nan ya yi maka rana."

Ya soka katin a kwamfuta ya kunna PhotoRec, wata manhaja ta kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ita ba ruwanta da kundi. Gurbi-gurbi take bi tana shinshina, domin kowane irin fayil yana da alamar da yake farawa da ita. Hoton JPEG, alal misali, kullum da FF D8 yake buɗewa, duk inda ta ci karo da wannan ta san bakin hoto ne, sai ta jawo shi. Hotuna suka fara zubowa, ba suna, sai lambobi. Ga Alhaji cikin harami, ga shi a Mina. Can kuma sai ga wasu mutane a wajen wani biki, da tufafin da ba na ƙasar nan ba.

Dattijon ya ce, "Waɗannan kuma su wane ne?"

Katin na hannu ya saya. Mai shi na farko ya goge hotunansa kafin ya sayar, ya tafi hankalinsa kwance.

Wannan ba a kan katin Alhaji aka fara ba. Wasu ɗalibai biyu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bi kasuwannin kayan hannu sun sayi tsofaffin faifan kwamfuta 158, suka buga sakamakon a 2003. Guda 129 suna aiki. A cikinsu 12 kacal aka tsabtace yadda ya kamata. Daga sauran suka tono lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun mutane na sirri. Ɗaya daga cikin faifan ma alamu sun nuna daga cikin injin cirar kuɗi na wani banki a jihar Illinois aka ciro shi, da lissafin masu ajiya a kai. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada, da suka je Gana bin sawun tarkacen lantarkin da Turai da Amurka ke jibgewa a can, sun sayi faifai a kan dalar Amurka 40. Da aka buɗe, sai ga takardun kwangilolin tsaro tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman. Kwamfutocin da ke sauka a tashoshin ruwan Lome da Kwatano su hauro arewa, Allah kaɗai ya san labarin mutum nawa ke kwance a cikinsu.

Taurin ran faifai kuwa, ba a magana. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Columbia ya tarwatse a sararin samaniyar Texas yana kan hanyar sauka, ƴan sama jannati bakwai suka rasu. Cikin tarkacen da aka tsinta akwai wani faifan Seagate da ya ƙone ya faɗo daga nisan kilomita da dama. Aka kai wa wani injiniya, Jon Edwards, na kamfanin Kroll Ontrack. Ya ciro fayafayan ciki ya wanke su, ya ɗora a wata na'ura, ya kwaso kashi 99 cikin ɗari na bayanan wani gwaji da aka yi kan iskar zenon. Da su masana suka kammala binciken suka buga shi a 2008. Wuta da faɗowa daga sama ba su shafe rubutun ba, ina ga danna maɓalli ɗaya?

Sai dai a yi hattara, sababbin na'urori sun fara sauya hali. Kwamfutar da ke da ma'ajin SSD, wanda ba ya juyawa kamar tsohon faifai, ba ta iya rubutu a kan tsohon rubutu sai ta fara share wurin, saboda haka ba ta son jira. Tun daga Windows 7 na 2009 akwai wani umarni, TRIM, da ke sanar da ma'ajin cewa gurabe kaza sun zama na banza, shi kuma ya bi su ya share da kansa idan ya sami sarari. A irin wannan kwamfuta abin da ka zazzage daga kwandon shara yana iya tafiya har abada cikin ɗan lokaci. Haka ma cikin wayoyin zamani, inda bayanai ke kulle da mabuɗin sirri. Tsohon faifai mai juyawa da filash da katin memori su ne masu riƙon amanar da ba a ba su ba.

Saboda haka abu biyu ne. Idan ka goge abu bisa kuskure, ka tsaya cak. Kada ka tura waƙa, kada ka ɗauki hoto, kada ma ka zuba manhajar ceto a kan faifan da abin ya ɓace, don tana iya sauka daidai kan abin da kake nema. Idan kuwa sayarwa za ka yi ko kyauta, to gogewa ba ta wadatar, haka ma fomatin nan na gaggawa, domin shi ma sabon kundi kawai yake buɗewa. Sai an rubuta wani abu a kan kowane gurbi. A 1996 Peter Gutmann na Jami'ar Auckland a New Zealand ya fito da tsarin maimaita rubutu sau 35, mutane suka riƙe wannan lamba tamkar wajibi, alhali don faifan wancan zamani ya tsara ta. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta bayyana a 2006 cewa ga faifan zamani sau ɗaya ya isa. Tun daga Windows Vista, idan ka cire alamar da ke gaban Formatage rapide, kwamfuta za ta bi faifan gaba ɗaya tana rubuta sifiri. Zai ɗauki sa'o'i, kuma wannan jinkirin shi ne shaidar cewa a wannan karon ana aikin da gaske.

Wanda duk wannan ya yi masa tsawo, akwai hanyar talaka. Ka goge abin da ke kan katin, ka kai wa mai tura finafinai, ka ce ya cika maka shi taf da na Kano da na Indiya har ya ƙi karɓar ƙari, sannan ka sake gogewa. Duk mai binciken da ya zo daga baya ya kunna PhotoRec yana neman sirrinka, sai ya kwana yana kallon rawa da waƙa.