Dalilan narkewar kogunan ƙanƙara: misalin ƙasar Suwis

Abin da ake kira kogin ƙanƙara shi ne dusar ƙanƙara da ta taru bisa tsauni shekara da shekaru, ta danne juna har ta daskare, tana gangarowa sannu a hankali saboda nauyinta. Lissafinsa tamkar na rumbu ne. Lokacin ɗari dusa tana zuba, lokacin zafi wani kaso yana narkewa. In abin da ya fita ya ɗara wanda ya shiga, sai kogin ya rame, bakinsa ya ja da baya.

Ɗumamar duniya tana ɓata wannan lissafi ta hanya uku. Da fari, lokacin narkewa yana ƙara tsawo. Na biyu, inda dusa ta saba zuba, sai ruwan sama ya sauka. Na uku ya shafi launi. Sabuwar dusa fara ce fat, tana mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na hasken rana. In ta narke da wuri, tsohuwar ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta, wadda ta fi duhu, sai ta yi ta shan zafi, narkewa ta ƙara sauri.

Tsaunukan Alp na ƙasar Suwis sun nuna haka a fili. Tsakanin 1931 da 2016, rabin ƙanƙarar ƙasar ya tafi. A 2022 dusa ta yi ƙaranci, cikin watan Maris iska ta kwaso ƙurar Sahara ta shimfiɗa bisa tsaunukan ta dusashe farinsu, daga baya zafi mai tsanani ya biyo. Kashi 6 cikin 100 na ƙanƙarar da ta rage ya narke a wannan shekara kaɗai, kashi 4 kuma a 2023. Aletsch, wanda ya fi kowane tsawo a tsaunukan Alp, ya ja da baya fiye da kilomita 3 tun ƙarni na 19.

Illar ba ta tsaya bisa tsauni ba. Ruwan Aletsch yana zuba cikin kogin Ron, mai ratsa Faransa, kuma manoma da madatsun lantarki suna dogara da shi lokacin zafi. Muddin ƙanƙara tana narkewa da sauri, ruwan kogi ƙaruwa yake yi, har a zaci albarka ce. Amma ajiya ce ake ci. Ranar da ta ƙare, ruwan zai ragu daidai lokacin da aka fi bukatarsa.