Wankin mota a Nima da Maamobi: Yadda ake zaɓen tawul mai sauƙin kuɗi da ba ya karce fenti

A unguwannin Zango na birnin Accra, musamman Nima da Maamobi, wankin mota na daga cikin sana'o'in da matashi zai iya farawa da ƙaramin jari. Bokiti biyu, sabulu, soso, tawul da wurin da ake samun ruwa sun isa a soma. Aiki kuma ba ya yankewa, domin ga motocin haya na tasi da torotoro, ga na masu aiki da manhajojin Uber, Bolt da Yango, waɗanda fasinja ke ba su maki har a kan tsabtar mota.

Sai dai a cikin kayan aikin nan akwai guda ɗaya da aka fi rainawa, alhali shi ne ya fi taɓa jikin mota, wato ƙyallen da ake goge ta da shi. Da yawa na amfani da tsohuwar riga ko tsohon tawul ɗin wanka da aka tsinto a gwanjon Kantamanto. Wasu sun koma ga tawul ɗin maikurofaiba, amma suna saye ne da ka, su ɗauki wanda ya fi araha, bayan mako biyu ya zama tsumma. Abin da ke cikin lamarin ya wuce kuɗin tawul. Mai mota da ya ga fentinsa ya dusashe ba lallai ne ya yi faɗa ba, sai dai kawai a daina ganinsa.

Mene ne maikurofaiba?

Zare ne na roba da aka sirantar da shi matuƙa. Ma'aunin da masaƙu ke amfani da shi ya ce zare bai shiga wannan suna ba sai in tsawon mita 9,000 nasa bai kai nauyin giram ɗaya ba. Ya fi gashin mutum siranta ninki da yawa. A ƙasar Japan aka fara sarrafa shi don kasuwa, inda Miyoshi Okamoto na kamfanin Toray ya fito da yadin farko a 1970. Daga baya, a shekarun 1990, ya bazu a Turai a matsayin ƙyallen goge-goge. A yau mafi yawan wanda ke kasuwannin Afirka ta Yamma daga Sin yake zuwa, wani kuma daga Koriya ta Kudu.

Ana haɗa shi ne da zare iri biyu, foliyesta da nailan, wanda a jikin takardar tawul ake rubuta shi da sunan polyamide. Foliyesta ke ba shi ƙarfi da kama maiƙo, nailan kuma ke ƙara masa laushi da shan ruwa. A wurin sarrafawa akan tsattsaga kowane zare ya zama yana da ƙananan lunguna a jikinsa. Cikin waɗannan lunguna ne ruwa da ƙura ke shigewa. Tawul ɗin da ba a tsaga zarensa ba, ko da ya yi laushi a hannu, ture ruwa kawai yake yi daga wannan gefe zuwa wancan.

Me ya sa tsohuwar riga ke ɓata fenti?

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. Na can sama, wanda ke ba mota sheƙi, wani shafi ne garai-garai marar launi, kuma kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba. Yashi ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka ja ƙwayar yashi a kansa, sai ta bar siririn layi. Layi ɗaya ba ya ganuwa, amma idan suka taru dubbai, sai a ga mota a rana tana da zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, musamman baƙa ko mai launin shuɗi mai duhu.

Matsalar tsohuwar riga ita ce shafaffiya ce, ba ta da gashin da ƙwayar yashi za ta ɓuya a ciki. Ƙurar na zama ne tsakanin yadin da fenti, hannu kuma na danna ta. Ga ɗinki, ga maɓalli, ga rubutun roba da ake mannawa a ƙirjin riga, kowanne na iya barin tabo. Tawul ɗin maikurofaiba mai kyau kuwa yana ɗaga ƙurar ne ya riƙe ta a cikin gashinsa, nesa da fenti.

Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke ta har bakin teku a Accra, Lome da Kotono. Motar da aka wanke da safe kan yi fari-fari kafin la'asar. A irin wannan lokaci ne ake yin babban kuskure, wato a ɗauki busasshen ƙyalle a share ƙurar. Kowane irin tawul aka yi wannan da shi, komai tsadarsa, sai ya karce mota. Dole ne a fara kora ƙurar da ruwa.

Lambobi biyu da ya kamata a duba

Na farko shi ne rabon zaren. Yawanci za a ga 80/20 ko 70/30, wato kashi 80 ko 70 na foliyesta, sauran na nailan. Na 70/30 ya fi laushi da shan ruwa, kuma ya fi tsada. Na 80/20 ya isa yawancin aikin wurin wanki. Wanda aka rubuta foliyesta zalla a jikinsa, kashi 100, gara a bar shi ga taya da inji.

Na biyu shi ne nauyi. A kayan da ke da rubutun Ingilishi ana sa GSM, a na Faransanci kuma g/m², kuma ma'anarsu ɗaya ce: giram nawa ne murabba'in mita ɗaya na yadin. Mai lamba 200 zuwa 300 siriri ne, ya dace da gilashi, cikin mota da bakin ƙofa. Mai 300 zuwa 400 shi ne na aikin yau da kullum a jikin fenti, har da goge man ƙyalli. Mai 500 zuwa sama yana da kauri da dogon gashi, ana ajiye shi ne don tsane ruwa da gugar ƙarshe. Akwai kuma wani mai saƙa rami-rami kamar saƙar zuma, wanda ya fi kyau a gilashi domin ba ya barin gashi.

Yawancin tawul ɗin da ake tallansa a bakin titi ko a cikin cunkoson motoci ba shi da takarda ko kaɗan, wani kuma lambar da ke jikinsa ba gaskiya ba ce. A nan sikeli ke raba gardama. Tawul mai faɗin santimita 40 da tsawon santimita 40, in da gaske mai lamba 300 ne, nauyinsa giram 48 ne. Dozin ɗaya zai kai giram 576, wato ya ɗan haura rabin kilo. Idan aka ɗora dozin a sikeli ya tsaya a giram 380, to mai lamba 200 ne aka sa masa kuɗin mai 300.

Gwaji kafin a biya

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko a shagunan kayan mota na Abossey Okai ne, ko a Makola, ko a kasuwar Nima, dabarar ita ce a sayi guda ɗaya tukuna, a gwada shi, sannan a koma a ɗauki dozin.

A shafa shi a bayan hannu. Wanda aka tsaga zarensa yakan ɗan kama busasshiyar fata, kamar yana maƙalewa. Wanda ya zame sumul kamar yadin riga ba zai kama ƙura ba. A zuba ruwa kaɗan a kan tebur a ɗora shi, mai kyau zai tsotse ruwan nan take. A ɗaga shi a rana, in haske na ratsa shi sosai to saƙar ba ta da kauri. A goge gilashi ko madubi da shi a ga ko yana zubar da gashi. Masu sana'ar a ƙasashe da dama kan goga tawul a fuskar tsohon faifan CD, in ya bar layi a kai, ba sa kai shi jikin fenti.

A kuma duba bakinsa. Sau da yawa tsakiyar tawul lafiya lau take, amma ɗinkin gefen da aka yi da zare mai tauri ne ke yin ɓarna. Wanda ba shi da ɗinkin baki, ko wanda aka naɗe bakinsa da yadi mai laushi, shi ya fi. Takardar da ke liƙe a gefe kuwa a cire ta gaba ɗaya kafin a fara aiki. Sabon tawul ma sai an wanke shi sau ɗaya, don ya zubar da ƙurar masaƙa da ta kasuwa.

Lissafin araha

Araha ba ta ado. Farashi na sauyawa da darajar sidi, amma lissafin ba ya sauyawa. A ce wani tawul sidi 10 ne, ya mutu bayan wanki 10, wani kuma sidi 25 ne, ya jure wanki 100. Na farko ya ci sidi ɗaya a kowane wanki, na biyu kuwa fesuwa 25 kacal. Haka lissafin yake ga wanda ke saye da sefa a Yamai ko Abijan, da wanda ke saye da naira a Kano.

Wannan ba ya nufin a zuba kuɗi a tawul mafi tsada. Mai ƙaramin wurin wanki zai iya rufe buƙatarsa da manyan tawul biyu masu kauri na tsane ruwa, da dozin ɗaya na matsakaita don fenti, da wasu sirara masu araha don gilashi, cikin mota da taya. A manyan biyun nan ne ya kamata kuɗi ya tafi. Kuma tun da farashin dozin ko katan ya fi na ɗai-ɗai sauƙi, masu wanki uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi, kamar yadda ake adashi, wanda a Ghana ake kira susu, su saya tare su raba.

Raba aiki ya fi tsadar tawul muhimmanci

Tawul mai tsada da aka goge taya da shi ya fi tsohuwar riga mai tsabta haɗari ga fenti. Baƙar ƙurar da ke manne a ƙafar mota daga birki take fitowa, kuma akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinta. Saboda haka kowane tawul ya tsaya a aikinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ta launi: misali shuɗi na fenti, rawaya na gilashi, kore na cikin mota, baƙi na taya. Ko sabon yaron da aka kawo koyon aiki jiya zai gane wannan.

A wurin aiki a ninke tawul sau biyu, ya zama gida huɗu. Hakan na ba da fuska takwas masu tsabta, ana juyawa ɗaya bayan ɗaya. A riƙa ja a miƙe, ba a zagaye ba, kuma ba tare da dannawa ba. A fara daga rufin mota a gangaro ƙasa, domin ƙasan ya fi datti. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin mota. Duk tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikin fenti a wannan rana, sai an wanke shi.

Idan tawul ɗin fenti ya tsufa, ba a yar da shi. Sai ya sauka zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa taya, daga nan zuwa inji. Amma ba ya hawa sama.

Wanki da ajiya

Yawancin tawul ba aiki ke kashe su ba, wanki ne. A wanke su su kaɗai, kada a haɗa da kayan auduga, domin za su kwashe gashin audugar su riƙa zubar da shi a gilashi. Na taya ma a wanke su daban. Ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi ya isa, da sabulun ruwa kaɗan. Idan omo ne kawai ake da shi, a bari ya narke sarai kafin a tsoma tawul, a kuma ɗauraye sosai. Sabulun sanda da ruwan sa tufafi laushi da ƙamshi suna toshe lungunan zaren, sai tawul ya daina shan ruwa. Bilic na cinye zaren. Dutsen guga kuwa yana ƙona bakin zaren ya yi tauri, tun da roba ne.

A shanya su a igiya, a inuwa, ba a kan katanga ko ƙasa ba. Da hunturu a kwashe su da zarar sun bushe, a sa a bokiti mai murfi ko a leda, in ba haka ba ƙurar da ake gudu ita za a ajiye a cikinsu.

Akwai kuma batun inda mataccen tawul ke ƙarewa. Roba ne, ba ya ruɓewa kamar auduga. Wanda aka jefa a babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi zai bi ruwa zuwa kogin Odaw, ya tarar da sauran sharar da ke toshe hanyar ruwa kafin tafkin Korle. Mazauna Accra ba su manta da ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah ba, wadda ta hallaka mutum fiye da 150. Wurin tsumman da ya gama aiki shi ne kwandon shara.

Gyaran fentin da ya dusashe na buƙatar injin goge fenti, kuma kowace guga tana cin wani abu daga siririn shafin nan na sama, wanda ba ya dawowa sai an sake fesa fenti. Kuɗin wannan aiki a mota guda ya fi na tawul ɗin da wurin wanki zai yi amfani da su wata da watanni. Mai wankin da ya auna tawul ɗinsa kafin ya saya, ya raba musu aiki, ya kuma wanke su yadda ya dace, ya kare fentin mai mota, ya kuma kare cinikinsa na gobe.